Zangarniyar Bakin Marmaro

Masu ba da labari sun ce a Tudun Gwaska an yi wani Sarkin Noma mai suna Barmo, mutum mai saurin yanke hukunci. Shekara uku a jere ɗari yana sauka daidai lokacin da shinkafa ke fure, sai ta tashi ƙaiƙayi zalla. Iri ya ƙare, mutane sun fara ɗaure kaya za su bar garin. Barmo ya aika wa makiyaya su saki shanu cikin fadama bayan azahar, ko dabba ta amfana.

Yana zaune bakin gona, sai wani tsohon gauraka ya sauka gabansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta Lantana."

Barmo ya firgita, ya yi salati, ya ce, "Me ya sami Lantana?"

Gauraka ya ce, "Gwanar zaɓen iri ce. Kullum manyan zangarnu take cira daga gefen da rana ke bugawa. Da ɗari ya kashe gonarta, haushi ya sa ta cinna mata wuta, ta tafi wurin gwaggonta tana kuka. Gwaggo ta ce, ''Yar nan, zauna ki ji labarin kakanki Jatau.

"'A saman gonarsa akwai marmaro mai ruwan sanyi, duk abin da aka shuka a bakinsa ba ya yin ƙwaya. Wata shekara ya tarar da wata guntuwar shinkafa, baƙa, mummuna, ta ɗauki 'ya'ya a nan. Kakarki ta ce a watsa wa kaji. Ya hana. Ya mayar da ita bakin marmaron, shekara bakwai yana ɗebe wadda ta tsira yana sake shukawa. Amma ba ta da daɗi. Sai ya sami farar shinkafa mai ƙamshi, ya tsaga ɓawon furenta da allura, ya cire abin da ke ciki mai gari, ya kaɗa mata garin furen baƙar. Mutane suka ce Jatau ya zautu, yana ɗaura wa shinkafa aure. Jikokin auren nan su suka ciyar da mu a shekarun ɗari, har aka yi sakaci suka ɓace. Shi ya gane ɗari ba kisa kaɗai yake yi ba, yana nuna wadda za a ajiye. Kin duba gonarki kuwa?'

"Lantana ta ruga, ta tarar da toka."

Gauraka ya karkata kai ya ce, "Ita wuta ta sa. Kai kuma shanu ka kira."

A lokacin nan Barmo ya ji kukan shanu daga gangare. Dattijon da ko gudu ba a taɓa ganin ya yi ba ya tattare riga ya faɗa cikin taɓo, yana ihu, "Ku tsayar! Don Allah ku tsayar!"

Ya nufi kwarin da ya fi ko'ina sanyi, yana murza zangarnu ɗaya bayan ɗaya, duk iska. Can sai wata ta yi masa tauri a yatsa, ta sunkuyar da kai don nauyi. Duk faɗin fadamar nan an rasa, ga wannan 'yar aba ta sha ɗarin da ya kori gari, ta cika.

Ya durƙusa cikin ruwan, ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Na ji, gauraka."

Ya tuɓe rawaninsa ya kewaye ta da shi, ya aika a ce wa masu ɗaure kaya su kwance.