Hoton Da Ya Ci Ɗan Mai Shi

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, Pardiman, mai injin casar shinkafa. Ya haura arba'in bai yi aure ba, yana zaune da tsohuwar uwarsa da ake kira Mbah Sukinem. Da zaɓen dagaci ya zo, ya tsaya takara da alamar masara. Abokin karawarsa Haji Kusnan ne, wanda ake kira Pak Haji don girmamawa, mai alamar kwakwa.

Haji ya ga mutane na ta karkata wajen masara, zama ya gagare shi. Sai yaron gidansa Gimin ya kawo masa hoto a waya. An ɗauke shi ne ta baya: Pardiman a kan babur, wani namiji cikin hular kwano ya rungume ƙugunsa.

"Pak Haji, ga amaryar tuzuru nan!"

"Wane ne a bayan?"

"Oho. Namiji dai ne, ai ya isa."

"Watsa shi."

Kafin Juma'a hoton ya shiga kowace waya. Aka ce Pardiman ɗan luwaɗi ne. Manoma suka kwashe shinkafarsu daga injinsa. A masallaci na kusa da shi ya matsa. Matan da ke girkin biki suka daina kiran uwarsa.

Ta ce masa, "Ɗan nan, faɗi wanda ka ɗauka ka huta!"

Ya ce, "Asirin wani ne, Inna. Ba nawa ba ne da zan sayar."

Ranar zaɓe 'yan takara suka hau dandali su zauna da matansu, kamar yadda aka saba. A kujerar gefen Pardiman wani ya ajiye gyale da jan baki. Aka kwashe da dariya. Mbah Sukinem ta hau da sandarta, ta ture su ƙasa, ta zauna.

Ana cikin layin jefa ƙuri'a wani saurayi ya faɗaɗa hoton a wayarsa.

"Kai! Wannan rigar ba ta Yatno ba ce?"

Yatno babban ɗan Haji ne. Giyar haɗi ya sha ya faɗi a bakin magudana, Pardiman ya tsince shi ya kai shi asibiti, ya kama bakinsa.

Samarin da Haji ya yi mako yana zugawa suka ɗauki gorori suka nufi gidansa neman Yatno. Haji ya fizge lasifika a kan dandali.

"Ƙarya ce! Ni na sa a watsa! Ku bar min ɗana!"

Wani ya ce, "Jiya gaskiya ce, Pak Haji, yau ta koma ƙarya?"

Pardiman ne ya sauko da gudu ya tare ƙofar gidan Haji da jikinsa. Gora ɗaya ta karya masa hannu kafin 'yan sanda su iso.

Masara ta ci zaɓe. Yatno ya hau motar birnin Surabaya washegari, har yau bai waiwayo ba. Haji na zaune a bakin hanya yana leƙa kowace mota.

Masu tambayata me ya hana Pardiman aure, ban sani ba, ban tambaya ba. Ku ma ba a aike ku ba.

Darasi: Ƙazafi wuta ce, ba ta san gidan wanda ya kunna ta ba. Kada ka ci mutuncin mutum don kujera. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin tura abin da idonsu bai gani ba.