Bugun Ƙwaryar Dusa

An ce wai a garin Tudun Kanya an yi wani mai neman sarautar kasuwa, Barmo sunansa, mutum mai laushin harshe, ga iya ɗaurin rawani. Ni dai a bakin masu kitso na ji, kuma ba su cika yi mini ƙarya ba.

A kasuwar akwai wata tsohuwar rijiya da aka cike, aka yi wa baƙi rumfuna a kanta. Barmo bai taɓa zagin baƙo ba. Duk ranar kasuwa sai ya gama jawabinsa lafiya lau, ya sauke murya ya ce, "Allah ya jiƙan tsohuwar rijiya." Kafin la'asar sai ka ga an rushe rumfar wani baƙo. Ranar da abin ya kai kan wata baƙuwa, Yalwa mai daddawa, wadda ba ta da abin ci sai rumfar nan, ta ɗaure zane ta kai ƙara gaban Alƙali Mamuda.

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, sunan wa na kama? Addu'a ma ta zama laifi?"

Alƙali ya aika aka zo da mahaifiyar Barmo da ƙwaryar da take ba awakinta dusa, aka fita fili inda awakin unguwa suke kiwo, sun fi arba'in. Ya ce, "Iya, buga mana."

Tsohuwa ta buga sau uku. Awaki huɗu suka ɗago kai suka sheƙo a guje, sauran ko kunne ba su kaɗa ba.

"Barmo, Iya ta kama sunan akuya?"

"Ba ta kama ba."

"To na wa suka zo?"

Uwar Barmo ta ce, "Nawa ne mana, Malam, sun san abin da na saba zuba musu."

Alƙali ya ce, "Kai ma naka sun san abin da ka saba zuba musu. Ka tayar da rumfar Yalwa da hannunka. Sannan ran kasuwa ka tsaya ka fassara wa jama'a addu'ar nan dalla-dalla, baƙi suna ji."

Rumfa kam ya tayar, har da gumi a rawani. Fassara kuwa ta gagara, ya janye daga neman sarauta, wai ciwon maƙogwaro.

Tun daga nan, in mai neman mulki ya faɗi maganar da mutanensa kaɗai ke gane inda ta dosa, 'yan garin sai su ce ya buga ƙwaryar dusa. In kana son sanin nufin magana, bar kallon bakin mai ita, dubi waɗanda suka taso.