Haƙori Ɗaya a Jakar Kadangare

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan ɓarna."

"Ta zo mu ji ta, Baba Tsoho!"

To ku matso. Ku dai kun san tatsuniya ba aikina ba ce, aikin kakarku ne, Allah ya jiƙanta. Shekara arba'in da ɗaya ina jin ta daga bakin ƙofa, ina yi kamar ba na ji. Tun da ta rasu kullum sai kun zo kun zauna a tabarmarta kuna kallona. Yau zan gwada. In na karkace, Bashari, kada ka gyara mini, kai da giɓinka.

A zamanin da, Kadangare ne mai ajiyar haƙora. Duk wanda haƙorinsa ya fita, yaro ko tsoho, sai ya jefa shi kan rufin ɗaki. Kadangare ya ɗauka, ya buɗe jakarsa, ya jefo masa sabo.

Akwai wani yaro Nomau, ɗan shekara shida, da kakarsa Tabawa. Maganar Nomau ɗaya ce: "Nawa ne." Tuwo nasa ne, akuya tasa ce, har wata in ya fito cewa yake shi yake bi. Ita kuwa Tabawa haƙori ɗaya ya rage mata a baki, da shi take cin goro.

Rannan da hantsi Nomau ya ciji rake, haƙori ya fita. Tabawa ta ciji goro, nata ma ya bi. Suka jefa kan rufi. Kadangare ya leƙo, ya zazzage jaka, ya ce, "Kash! Ɗaya ya rage. Na wa ke nan?"

Nomau ya ce, "Nawa ne!"

Tabawa ta ce, "Haba maigida! Ba cefane, ba zane, haƙorin ma ba za ka bar wa matarka ba?"

Ya ce, "Ni na riga jefawa."

Ta ce, "Ni na riga zuwa duniya."

Ashe Kadangare ya daɗe yana kwaɗayin haƙorin mutum, don ya riƙa cin gyaɗa. Sai ya ce, "Ni ba na son rigima. Na ba ku kwana uku ku zo mini da baki ɗaya. In rana ta uku ta faɗi ba ku shirya ba, haƙori ya zama nawa."

Ranar farko suka kai ƙara wurin Jatau, wan Nomau. Saurayi ne, gashin baki ya fara tsiro masa guda bakwai, kullum yana bakin randa yana ƙirga su. Bai bari sun gama magana ba ya ce, "Wannan har abin tambaya ne? Ku ba ku san komai ba. A raba shi biyu!"

Kadangare ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ya ce, "Rabin haƙori? Harshen wa za a yanka?"

Jatau ya ce, "Shi ya sa ba na son magana da mutanen da." Ya gyara hula ya fice.

Rana ta biyu suka tare Mato, uban Nomau, ɗan Tabawa. Fartanya a kafaɗa, igiya a hannu, kaza a hammata. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, sai na dawo daga gona." Ya dawo daga gona ya ce, "Sai na dawo daga kasuwa." Ya dawo daga kasuwa ya zauna zai saurare su, kafin su buɗe baki ya fara minshari. Magidanci ke nan, kowa yana ransa, amma ba shi da lokacin kowa.

"Kamar Babanmu!"

Ni dai ban faɗa ba, Saratu, ke kika faɗa.

Rana ta uku alƙalai sun ƙare. Nomau da Tabawa suka zauna a gindin bango, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Can Nomau ya waiga. Ya ga tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ɗauko goro. Ta sa a baki, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta fito da shi yadda yake. Ta goge, ta mayar, ta ƙulle. Jim kaɗan ta sake kwancewa. Sau uku tana haka.

Nomau ya sa harshe ya taɓa giɓinsa, ya ji zafi. Ya ce, "Kaka, ke ma naki yana zafi?"

Ta ce, "Yau ka san ina da baki?"

Nomau ya dubi bakinta. Tun da aka haife shi bai taɓa tunanin abin da ke cikin bakin wani ba. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Kadangare, ba Kaka. Ni ina da saura."

Tabawa ta ce, "A'a! Ba yaron. Ni naman wace salla ne ban ci ba? Shi duk sallolinsa suna gaba."

"A ba ta!"

"A ba shi!"

Kadangare ya dubi rana, ya ga ta kai kan tsamiya. Ya ce, "Madalla da wannan kirki! Ku ci gaba. Har yanzu dai baki biyu nake ji."

Rana ta sauko kan katanga. Kadangare ya ciro haƙori yana gwada shi a bakinsa. Nomau ya dubi ƙullin goro, ya dubi dutsen niƙa a tsakar gida. Ya tashi da gudu, ya kwance bakin zanin kakarsa, ya ɗora goron a dutse, ya niƙe shi lukui. Ya kawo mata a tafin hannu.

Tabawa ta zuba a baki, ta lumshe ido. Ta ce, "Yau maigida ya yi cefane. Ashe haƙorina yana hannunka."

Nomau ya ce, "To a ba ni, in ci abinci in yi ƙarfi in riƙa niƙa miki."

Suka ɗaga kai tare suka ce, "Na Nomau ne!"

Saura ƙiris rana ta faɗi. Kadangare ya jefo haƙori da haushi, ya ce, "Daga yau na daina ba tsofaffi, tun da sun sami masu niƙa musu. Yaron da kuma ya bari na ga giɓinsa, ya kuka da kansa!"

Shi ya sa haƙorin yaro ke dawowa, na tsoho ba ya dawowa. Shi ya sa mai giɓi ke rufe baki in ya ga kadangare. Shi kuwa har yau yana kan bango yana gyaɗa kai, yana tauna gyaɗar da bai samu ba. Kakarku takan ce yaro ba ya girma ranar da haƙori ya fito masa, sai ranar da ya ga yunwar wani.

Ni dai na san ita ce take goge mini goro, tun da turamen bakina suka zube. Wata huɗu ke nan yana aljihuna, sai dai in shinshina in mayar.

Ummi, ina kika je ana tatsuniya? Mene ne wannan a hannunki? Magoginta ne? Wa ya nuna miki inda take ajiye shi?

To, zo. Ungo goron. A hankali, kada ki goge yatsa. Ba komai a idona, Bashari, hayaƙin murhu ne.

Ƙurunƙus, kan kadangare. In da ƙarya, ta Gizo ce.