Malam Sallau da Agogon Lefe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da agogo sai wane da wane. Ku matso ku saurara. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, mai gyaran agogo ne, Malam Sallau ake ce masa. Abin da ya mallaka na sana'a bai wuce ɗan teburi da akwatin gilas da wani ɗan madubi da yake maƙalawa a ido ba. Mazauninsa barandar kantin wani dillalin agoguna ne, Alhaji Ɗanliti, a tsakiyar babbar kasuwa. Tun gemunsa na baƙi yake zaune a barandar nan har gemun ya yi fari fat. Alhaji bai taɓa neman komai a hannunsa ba, shi kuma duk agogon da aka saya a kantin, shi ke rage masa sarƙa ta yi daidai da hannun mai shi. Da barandar nan yake ci, da ita yake ciyar da matarsa Ladidi. In babu baranda, babu tuwo a gidan.

To bari in gaya muku yadda sarƙar agogo mai tsada take, don na ga da yawanku yanzu a waya kuke duba lokaci, sallah ma sai waya ta tashe ku. Sarƙar gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa da wata 'yar ƙusa siririya da ta riƙe ta da 'yar'uwarta. Ƙusar nan ta gefe ɗaya take fita. In ka tura ta ta inda ya kamata, lallaɓa ta kawai za ka yi ta zame. In ka buge ta ta ɗaya gefen sai ta ƙara cijewa, in ka matsa mata sai gaɓar ta tsage. Aikin haƙuri ne, ba aikin ƙarfi ba.

Shi Alhaji Ɗanliti, kada ku ɗauka mugu ne. Sahun gaba yake sallah, kuma ba ya hana maƙwabci. Cutarsa guda ce: ba ya iya ganin mai saye ya juya masa ƙeya.

Rannan Malam Sallau ya tafi jana'izar wani maƙwabcinsa. Yana barin kasuwa sai ga wata Hajiya Yalwa ta shigo kantin. Gwaggon wani ango ce, ita aka ɗora wa haɗa lefe. Ta zaɓi agogon mata na zinari, mafi kyau a kantin, sannan ta kwance bakin gyalenta ta fito da ɗan zare. Mata da ke bayan labule, kun fi ni sanin wannan. Ango ba ya jan amarya kasuwa a gwada mata agogo, ai da kunya. Zare ake zagaya wa hannunta a ƙulle, a kawo wa mai kanti, shi ne awo. Hajiya ta ce a rage sarƙar daidai da zaren. Alhaji ya leƙa baranda, ba Malam Sallau. Hajiya ta ce to bari ta zaga can gaba ta ga abin da ke sauran kantuna, in ya so ta dawo.

Kun ji inda Shaiɗan ya samu ƙofa. Alhaji ya ce haba Hajiya, ai wannan ba wani aiki ba ne, shi ma yana yi. Ya shige ciki da agogon, ya ɗauko ƙusar kafinta da guduma, ya ɗora sarƙar zinari a kan kanta ya hau bugu. Ta gefen da bai kamata ba. Ƙusa ta ƙi, ya ƙara. Ta ƙi, ya ƙara. Da ta tashi fita sai ta fita da tsaga, gaɓa guda ta dare ta ciki, wajen da ke kwanciya a kan fata. Daga waje ba ka ganin komai. Sauri ya haifi nawa. Alhaji ya share gumi ya fito yana murmushi, ya ce wa Hajiya ashe aikin sai Malam Sallau, ta bar shi in ya dawo ya rage ya goge mata shi ya yi ƙyalli, gobe ta zo ta ɗauka.

Da Malam Sallau ya dawo daga maƙabarta, ko ƙurar ƙafarsa bai kakkaɓe ba Alhaji ya ja shi ciki ya nuna masa. Malam ya maƙala madubinsa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan gaɓar ta mutu, sai dai a aika a nemo wata daga inda ake ƙera su, kuma ba abin kwana kaɗan ba ne. Alhaji ya ce lefe jibi za a kai, wa zai jira? Ya ce a sa ɗan gam a matse, a goge, zai riƙe har a gama biki.

Malam Sallau ya tambaye shi, bayan biki fa?

Alhaji ya ce, "Bayan biki in ya tsinke ai a hannun amarya ya tsinke. Yaran yanzu da ba su san darajar kaya ba, wa zai ce daga nan ne?"

Ku saurara, don nan ne zancen yake. Malam Sallau bai san yarinyar nan ba. Bai san sunanta ba, bai san gidansu ba, abin da ya gani nata a duniya ɗan zare ne. Amma ya san gidan miji. Ya san ranar da agogon zinari zai sulluɓe daga hannun amarya ya faɗi a tsakar gida, ko ya ɓace a hanyar gidan suna, ba wanda zai tuna da dillali. Cewa za a yi ba ta da kula, cewa za a yi a gidansu ba a saba da abin arziki ba. Kuma gorin dangin miji ba ya tsufa, tana da jikoki ana tuna mata.

Ya ajiye agogon a hankali ya ce, "Alhaji, ka yi mini rana, ba zan manta ba. Amma hannuna ba zai sa gam ɗin nan ba. Ka gaya wa Hajiya da bakinka, ta zaɓi wani. Ni ba zan bi ta da zance ba, sai dai in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba."

Alhaji ya yi lallashi, bai yi ba. Ya kawo zancen zama da amana, bai yi ba. Daga nan fa ido ya rufe. Ya ce shi zai sa gam ɗin da kansa, kuma gobe in Malam ya buɗe baki, to ya nemi wata barandar.

Malam ya koma gida ya zayyana wa Ladidi komai. Ita kuwa, baiwar Allah, tsoro ya kama ta, kuma ban ga laifinta ba, ita ke hura wutar gidan. Ta kawo masa dabara. Ta ce gobe ya yi zamansa a gida, a ce jikin ne ya motsa, in ba ya nan ai ba wanda zai tambaye shi, bai yi ƙarya ba kuma bai rasa mazauni ba. Wallahi da ni ne da na tsaya na yi tunani, kuma kada wani a cikinku ya yi mini fuskar waliyyai, da yawanmu da mun kwanta mun ja bargo. Malam Sallau ya ce mata in ya kwanta a gida agogon zai shiga akwati dai, kuma Allah ya san dalilin kwanciyar. Da gari ya waye ya saɓa babbar rigarsa ya tafi kasuwa.

Da hantsi Hajiya Yalwa ta iso. Alhaji ya miƙo agogo cikin ɗan akwatinsa, yana ta walƙiya. Ta juya shi, ta yaba. Har ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya a gaban teburin Malam, don a garin nan kowa ya saba, ba a barin kantin da agogo sai Malam Sallau ya sa masa ido. Ta miƙa masa ta ce ya duba mata, lafiya yake?

Alhaji na tsaye a bayanta, ya zuba masa ido. Malam Sallau bai ko karɓi agogon ba.

Ya ce, "Hajiya, kada ki sa shi a lefe. Gaɓa guda ta tsage ta ciki, gam ne ya riƙe ta. Ba zai daɗe a hannu ba."

Hajiya ta birkice sarƙar, ta sa farce ta kankare, sai ga tsaga. Ta juyo kan Alhaji. Shi kuwa, kunya da tsoro suka haɗu suka tura shi inda bai yi niyya ba. Ya tafa hannu ya ce wallahi bai sani ba, ai Malam ne ke rage sarƙa a kantin nan, kowa ya sani, tsufa ne ya zo, idon ya fara tafiya, ya daɗe yana rufa masa asiri.

Jama'a sun fara taruwa. Kalma ɗaya Malam Sallau zai faɗa, ya ce jiya da aka tsaga gaɓar yana maƙabarta, mutum nawa suka gan shi. Wani zai ce, to Malam, ai da ya kare kansa. E, da ya kare kansa bai yi laifi ba, shari'a ta ba shi. Amma ya dubi mutumin da ya zauna a inuwarsa tun ƙuruciya, ya ga in ya faɗi kalmar nan ya tsiraita shi a tsakiyar kasuwa. Abin da zai cuci yarinya ya riga ya tare. Abin da ya rage, shi kaɗai zai cuta. Sai ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce masa, cikin tausayi ma ta faɗa, "Malam, in ido ya gaza ai sai a huta. Allah ya saka da ka faɗi gaskiya." Ta ajiye agogon ta wuce wani kanti. Wannan tausayin ya fi zagi yi masa ciwo.

Kafin la'asar an fitar da teburinsa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwa cewa idon Malam Sallau ya mutu, ba mai kantin da ya yarda ya ba shi baranda. Ya kai akwatin gilas ɗinsa zauren gidansa, can ƙarshen gari, inda mai agogon zinari ba ya bi. Sai jefi-jefi a kawo masa agogon bango da ya tsaya. Ladidi ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida da tsufanta. Wata rana hayaƙi ya cika mata ido, ta tambaye shi me ya samu a cikin abin da ya yi. Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce bai samu komai ba, kuma ta yafe masa wahalar da ya jawo mata. Ya karɓi itacen ya gyara mata wutar.

Na ga kun gyara zama, kuna jira in ce Hajiya ta gano gaskiya ta gina masa kanti. Ba ta gano ba.

Wanda ya zo shi ne Alhaji Ɗanliti. Bayan damina ta wuce ya yi sallama a zauren, da 'yar jaka a hannu cike da agogunan da aka dawo masa da su, wannan an ƙuje masa sarƙa, wancan an lanƙwasa masa ƙusa, duk aikin gudumarsa. Ya zauna a tabarma ya kasa haɗa ido. Ya nemi gafara, Malam ya ce ya yafe tun ranar. Ya ce baranda na nan, gobe ma in Malam ya so ya koma. Ladidi na jin su daga bayan ƙyaure, har ta fara hamdala. Sai Alhaji ya ƙara da cewa abu ɗaya yake roƙo, nan gaba in irin haka ta faru, a bar kaza cikin gashinta.

Malam Sallau yana son barandar nan, jama'a, kada ku ɗauka ba ya so. Ya ce, "Alhaji, waɗannan ka bar su in gyara maka abin da zai gyaru. Amma in na koma, aka sake miƙo mini agogo aka ce lafiya yake, abin da na gani shi zan faɗa."

Alhaji ya tattara jakarsa ya yi sallama. Malam Sallau bai sake zama a kasuwa ba, a zauren nan ajali ya same shi.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ha'inci ba ya tsayawa a kan wanda ke gabanka. Kullum akwai wani a can baya, wanda ba ya wurin, bai ji ba bai gani ba, shi zai ɗauki laifin. Kai makanike da ka ɗaure abin da ya karye da waya ka ce ya yi, direba za a zaga ranar da ya tsinke, in ma an rayu. Kai magini da ka rage siminti, ba ka san wanda zai kwana a ƙarƙashin ginin ba. Mai tsoron Allah shi ne wanda ke tuna mutumin da ba ya nan, ya tsare masa haƙƙinsa, ko da ba zai taɓa jin an gode ba. Amaryar nan an kai mata wani agogon lafiyayye, ta ɗaura abinta, ta zauna a ɗakinta ba gori, har ta bar duniya ba ta san an yi wani Malam Sallau ba. Amma Wanda ba ya barci ya sani, kuma wurinSa sakamako yake.

Gobe da safe kowannenmu zai koma bakin sana'arsa, kuma wani zai miƙo maka abu ya ce, duba mini, lafiya yake? Ka san amsar da za ka ba shi tun daga nan. Allah ya jiƙan Malam Sallau da irinsa, ya ba mu ƙarfin faɗin abin da muka gani. Ku tashi a tayar da sallah.