Dokin da Yake Tsoron Hannu

Ranar da na fara haɗuwa da Filibus, wani dattijo a cocinmu, tsumagiya ce a hannuna, ina kora yara zuwa ajin Lahadi. Ya dubi tsumagiyar, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ba ni wannan misali. Yau ni ma zan ba ku, 'yan ajina.

Akwai wani manomi da ya tsinci doki a bakin hanya. Masu amalanke ne suka yar da shi bayan sun ci ƙarfinsa, ga gyambo a bayansa. Manomin ya kawo shi gida, amma dokin ya ƙi yarda a taɓa shi. In kuwa ba a wanke gyambon ba, mutuwa zai yi.

A maƙwabta akwai wani saurayi mai faɗa, wanda kawunsa ya gaji da dukansa. Manomin ya ce masa, "Ɗana, zo ka taya ni."

Saurayin ya ɗaga hannu zai shafa goshin dokin. Dokin ya zabura, ya kai masa harbi.

"Baba, wannan ai mugu ne! A kai wa mahauta kawai."

Manomin ya matso kusa da saurayin. Ya ɗaga hannu zai cire masa ciyawa a ka. Nan take saurayin ya duƙa, ya kare kansa da hannu biyu.

Manomin ya ce, "To, kai ma mugu ne?"

Idanun saurayin suka kawo ruwa.

Sai manomin ya koya masa: ya zauna kusa da turke, ya juya wa dokin baya, ƙwaryar dusa da kanwa a gefensa, hannuwansa a ƙasa. Kwana huɗu yana haka, shi da ba ya iya zama wuri ɗaya. A rana ta biyar ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Ranar ya wanke gyambon, dokin yana tsaye. Dokin ya warke. Tun daga nan ba a ƙara jin saurayin ya daki kowa ba.

Ga ma'anar misalin. Dokin shi ne duk wanda ya sha duka har ya ɗauka kowane hannu na duka ne. Saurayin kuwa ni ce da ku: muna kiran wani mugu, alhali ciwonmu ɗaya. Manomin yana nuna mana Ubangiji, wanda yake jiranmu da haƙuri har mu matso da kanmu. Wanda ya yi jinyar wani, shi ma yana warkewa.

Shekara guda ke nan Filibus bai tambaye ni labarin tsumagiyar ba, ni ma ban ce komai ba. Ga ta nan, na karya ta a gabanku. Na yi muku alkawari da bakina: hannuna ba zai ƙara tashi a kanku ba, sai dai don in sa muku albarka.