Kilin Badaru a Hanyar Kusada

A garin Kankia akwai wani mutum mai suna Badaru, wanda Allah ya jarrabe shi da son a yabe shi. Yana da wani farin doki, kili, jinin dawakin ado. Tun yana ɗan duƙushi aka koya masa taƙama: ya lanƙwashe wuya, ya ɗaga gwiwa har ƙirji, in ya ji kiɗa ya kama rawa. Kullum yana turke a inuwa, daga gero sai kunun kanwa. Bai taɓa tafiyar da ta wuce gidan biki ba. Shi kuwa Badaru, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen kilinsa.

Wata safiya da damina aka bugo masa waya daga wani ƙauye a bayan Kusada, inda ƙanwarsa Murja take aure. Mijinta ne. Ya ce kububuwa ta sare ta tun jiya a gonar wake, yanzu jini ya fara zubo mata ta dasashi. Ma'aikacin lafiyarsu ya ce sai an kawo allurar maganin dafin maciji daga Kankia, ga shi ruwa ya cinye hanya, mota da babur duk ba sa shiga.

Hankalin Badaru ya tashi. Ya samo allurar, ya dawo yana ɗaura wa kili sirdi. Kawunsa Gajere ya iso janye da nasa dokin, wani ramamme mai tabon sirdi da yake cin kasuwannin ƙauye a kansa.

"Badaru, hau wanga," in ji shi. "Sassarfa garai, ya saba da nisa. Naka ƙarhinshi a sama yake ƙarewa."

"Haba Kawu! In shiga garin surukan Murja bisa wannan ƙwarangwal? Mi za a ce da ni?"

"Rai za ka ceto, ba biki za ka ba."

Badaru bai ko waiwaya ba, ya sa ƙaimi.

Da farko kili ya yi sukuwa abin sha'awa. Da aka shiga laka sai labari ya canza. Kowane taku sai ya ɗaga ƙafa sama kamar yadda aka koya masa, ya sauke ta kusan inda ya ɗauke ta. Kumfa ta rufe masa wuya. Suna gilmawa ta wata unguwa da ake kiɗan suna, dokin ya ji kalangu, ya tsaya cak ya kama rawa a cikin taɓo. Yara suka fito suna tafi, Badaru kuwa yana dukansa yana hawaye.

Wayarsa ta sake yin ƙara, mijin Murja ne. "Yaya, kana ina? Hitsarinta ma ya koma jini. Sunanka take kira."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ƙara matsa wa dokin. Ba su yi nisa ba numfashin kili ya koma gurnani, ƙafafunsa suka kama karkarwa, ya durƙusa a tsakiyar gonar dawa, bai sake tashi ba.

Badaru ya rungume allurar ya zura da gudu, yana faɗuwa yana tashi, yana roƙon Allah ya sa ya tarar da ita. Bayan la'asar ya shiga ƙauyen. Tun daga nesa ya hango maza suna dawowa daga maƙabarta da fartanya da shebur. Mijin Murja ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "Ta jira ka har azahar."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kowane abu da aikin da aka raine shi dominsa. Dokin da aka horar don burge ido ba ya jure doguwar tafiya, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya fifita abin da mutane za su ce ne a kan ran 'yar uwarsa. In lalura ta zo, mu ɗauki abin da zai kai mu, ko da ba shi da kyan gani.