Zogalen Bayan Katanga

Akwai wani mutum mai gyaran batirin mota, wanda ya ci gadon itatuwan magani a bayan gidansa. Mahaifiyarsa ce ta dasa su: zogale, da darbejiya, da rai-ɗore. Mai zazzaɓi yakan zo ya tsinka, mai jego ma haka, ba wanda aka taɓa hanawa.

Kullum in ya tashi daga aiki, sai ya kwarara dattin ruwan batiri ta wata kafa a gindin katanga. Matarsa ta ce masa, "Maigida, ruwan nan fa gindin zogalen yake bi."

Ya ce, "Ke dai. Ƙasa tana shanye kome. Dubi ganyen, kore shar."

Gaskiya ne kuwa, ganyen bai canza ba. Shekaru suka wuce.

Ana nan sai 'yarsa ta haifi ɗa namiji, ta zo gida wankan jego. Mutumin ya yi murna ƙwarai. Da hannunsa yake tsinko zogalen, a dafa mata don nono ya kawo. Da yaron ya fara cin abinci, kakan ya riƙa barbaɗa masa garin ganyen a kunu, yana cewa, "Sha, ka yi ƙarfi."

Amma yaron bai yi ƙarfi ba. Ya rame, ya fara suma. A asibiti aka ce gubar dalma ce a jininsa, irin wadda take cikin batiri. Yaron ya rayu, amma bakinsa bai buɗe ba har ya girma.

Da jin maganar asibiti, mutumin ya ɗauki gatari, ya sare itatuwan duka, yana la'antarsu. 'Yarsa tana tsaye da yaron a baya, ta ce, "Baba, itacen me ya yi? Abin da ka ba shi ya ba mu."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Itatuwan su ne koyarwar da muke ba 'ya'yanmu. Ruwan batirin kuwa shi ne zunubin da muke zubarwa a bayan gida, inda ikilisiya ba ta gani: ƙarya, da ƙiyayya, da zagin maƙwabci. Muna riƙe da Maganar Allah, muna ba 'ya'yanmu ita da ƙauna, su kuwa suna haɗiye ta tare da halinmu. Ubangiji yana gafarta wa wanda ya tuba. Amma ku tuba da wuri, gama mutumin nan ya tuba, jikansa kuwa bai taɓa kiransa kaka ba.